Digirin Aikin Ɗan Sanda Kafin Kaki, ko Kaki Kafin Digiri?

Jami'a tana iya ba mutum digiri a fannin aikin ɗan sanda, amma ba ta da ikon ba shi kaki. Kaki a hannun runduna yake, kuma runduna tana da nata ma'auni: likita, gwajin gudu, binciken tarihin mutum da na mutanen gidansu, sannan gurbi, idan akwai shi a shekarar. Yawancin kuskuren da matasa ke yi wajen zaɓen hanya daga nan yake tasowa. Takardar tallar kwas tana nuna ɗalibi tsaye kusa da motar sintiri, sai a ɗauka shiga ajin da shiga aikin duk abu ɗaya ne. Ƙofa biyu ce, kuma mabuɗin ta farko ba ya buɗe ta biyu.

Wanda ya gama sakandare yana son aikin nan, hanya uku ce a gabansa. Ko ya biya kuɗi ya yi digirin aikin ɗan sanda sannan ya nemi a ɗauke shi. Ko ya nemi aikin tun yanzu, runduna ta horar da shi tana biyansa albashi, wani lokaci har da digiri a ƙarshe. Ko kuma ya yi digiri a wani fanni dabam, ya dawo daga baya. Babu inda aka fi ganin ukun a jere kamar Ingila da Wales, inda rundunoni 43 ke ɗaukar mutane ta waɗannan hanyoyi, don haka da tsarinsu za a fi auna lamarin a nan. Kwalejin da ke tsara ƙa'idojin aikin a can, College of Policing, an kafa ta a 2012. A 2016 ta sanar da cewa tana son kowane sabon ɗan sanda ya kai matakin digiri. Hanyar koyon aiki da albashi ta fara a 2018, digirin da ɗalibi ke biya da kansa ya biyo baya a 2019. Bayan ƙorafin shugabannin rundunoni, sakatariyar cikin gida ta lokacin, Suella Braverman, ta sanar a Nuwamban 2022 cewa dole a bar ƙofa ga marasa digiri, kuma sabuwar hanyar ta fara aiki a Afrilun 2024. Ka ga ƙa'ida ta juya sau biyu cikin shekara takwas. Wanda zai zuba shekara uku a aji ya tuna da wannan, domin dokar ranar shigarsa ba lalle ta jira shi ranar fita ba.

Abin da digirin ke bayarwa

A ba shi haƙƙinsa: kwas mai kyau yana koyar da abubuwan da kurtu ke shan wahala a kansu. Na farko shi ne doka, kuma ba dokar haddace lamba ba. Ɗauki sata. Dokar Ingila ta 1968 ta kasa ta gida biyar: mutum ya ɗauki abu kamar nasa, abin ya zama dukiya, dukiyar ta wani ce, an yi da rashin gaskiya, kuma da niyyar raba mai ita da ita har abada. Idan ɗaya ya faɗi, tuhuma ta faɗi. Wanda ya saba da wannan kashi-kashi, in ya zauna ɗaukar bayanin mai shago, ya san tambayar da za ta kawo kowane ɓangare. Wanda bai saba ba zai cika shafi uku da labari, mai gabatar da ƙara ya mayar masa da fayil. Haka dokar 1984 da ta tsara kamu da bincike da tsarewa: awa 24 ba tare da tuhuma ba, sufuritanda na iya kai ta 36, kotun majistare na iya kai ta 96. Ɗalibin da ya shekara uku yana jujjuya waɗannan ba zai tsaya inda-inda a gaban sajan mai kula da tsararru ba.

Na biyu shi ne yi wa mutum tambayoyi. Tun farkon shekarun 1990 Ingila ta bar salon matsa wa wanda ake zargi har ya amsa laifi, ta koma tsari mai hawa biyar: shiri, gabatarwa da bayyana dalilin zama, barin mutum ya kawo labarinsa kafin a fara ƙalubalantarsa, rufewa, sannan a koma a auna abin da aka samu. Ana iya koyon wannan a aji da 'yan wasan kwaikwayo, kuma jami'o'in da suka ɗauki abin da gaske suna da ɗakin tambayoyi da ɗakin tsarewa da kotun gwaji.

Na uku, wanda horon runduna kan wuce da sauri, shi ne sanin abin da bincike ya nuna yana aiki. A birnin Kansas na Amurka, tsakanin 1972 da 1973, an raba unguwannin sintiri 15 gida uku: an janye sintirin mota a wasu, an bar wasu yadda suke, an ninka a sauran. Ba a ga wani bambancin kirki a yawan laifi ba. A Minneapolis kuma, binciken da Lawrence Sherman da abokan aikinsa suka fitar a 1989 ya nuna kashi 3 cikin ɗari na adireshi ne ke jawo rabin kiran 'yan sanda. Ɗan sandan da ya san waɗannan biyun, in an ce masa ya fita sintiri, zai tambaya ina da kuma yaushe.

Ga inda digirin ya tsaya. Ɗalibi farar hula ne. Ba shi da ikon kamu, ba a koya masa sa ankwa ko riƙe kulki a matsayin ma'aikaci, bai taɓa ƙwanƙwasa ƙofa ƙarfe uku na dare don sanar da uwa rasuwar ɗanta ba. Ranar da aka ɗauke shi, zai yi horon kare kai da na agajin gaggawa kamar kowa, zai bi gogaggen ɗan sanda na wasu makonni kafin a yarda ya fita shi kaɗai, kuma zai yi shekara biyu na gwaji. Abin da digirin ya rage masa shi ne wasu watannin zaman aji. Ba ya ƙara masa igiya, ba ya ƙara masa albashin farko.

Akwai tarkon suna kuma. Digirin da rundunonin Ingila da Wales suka amince da shi a matsayin hanyar shiga shi ne wanda kwalejin ta ba wa lasisi, mai bin manhajarta. Kwas mai suna nazarin laifuka, ko nazarin laifuka da aikin ɗan sanda, karatu ne na zamantakewa: me ke sa mutane aikata laifi, yaya gidan yari ke aiki, wa ake yawan kamawa. Karatu ne mai amfani, amma a idon ofishin ɗaukar ma'aikata daidai yake da digirin tarihi. Shi ma mai lasisin yana da wa'adi: shekara biyar bayan kammalawa. Idan ta wuce ba a ɗauki mutum ba, ana ganin ilimin dokar da ke kansa ya tsufa.

Shingayen da ba ruwansu da takarda

Wannan shi ne wurin da ya kamata a fi daɗewa, domin nan ne ake asarar shekaru. Jami'a tana duba sakamakon jarrabawarka ta karɓe ka. Ba aikinta ba ne ta duba idonka ko bashin da ke kanka. Sai a shekara ta uku ɗalibi ya cike takardar neman aiki, allura ta tono garma.

Gwajin ƙarfi shi ne mafi sauƙin gyarawa. A Ingila da Wales gudu ne na kai da komo a tsakanin layi biyu masu tazarar mita 15, ana bin ƙarar na'ura da ke ƙara sauri, har zuwa mataki na 5.4. Jimilla mita 525 ke nan cikin kusan minti uku da rabi. Masu faɗuwa galibi ba numfashi ke ƙare musu ba, juyawa ce: suna zagayawa kamar mota maimakon su dasa ƙafa ɗaya a kan layi su juyo, sai ƙarar ta riga su. Mako shida na atisaye a fili mai awo daidai ya ishi mai lafiya.

Likita ba a yi masa atisaye. Gani, ji, asma, farfaɗiya, ciwon suga, tarihin lafiyar ƙwaƙwalwa, duk ana dubawa, kowane mutum da halinsa. Mai ƙaramar matsalar bambance launi ana iya ɗaukarsa amma a hana shi wasu sassa kamar na riƙe bindiga. Wanda ba ya ganin launi sam, ƙofa a rufe take. Gwajin ido na rabin awa kafin a biya kuɗin zangon farko zai amsa wannan.

Tantancewa ita ce mai ka da mutane ba su ankara ba. Ana duba ko an taɓa hukunta mutum ko an yi masa gargaɗi, har da na ƙuruciya. Ana duba bashi, ba don talauci laifi ne ba, sai don wanda bashi ya shaƙe yana da sauƙin saye. Hukuncin kotu kan bashin da ba a biya ba yana tsayar da takarda. Ana duba iyaye, 'yan uwa, miji ko mata, da duk wanda kuke kwana gida ɗaya. Ana duba abin da mutum ya rubuta a Facebook da sauran shafuka shekaru baya. Ana ɗaukar zanen yatsu da ƙwayar halitta a gwada da na wuraren da aka aikata laifi, ana gwajin ƙwaya. Galibi ana son mutum ya zauna a ƙasar shekara uku a jere, saboda abin da ba a iya bincikawa ba a iya wanke shi. Abin da ya fi ka da mutane shi ne ɓoyewa. Ƙaramin laifin da aka faɗa da baki yana iya wucewa. Shi ɗin dai, in aka ɓoye shi suka gano, an gama magana, domin ɗan sanda mai shaida ne a kotu, kuma lauyan wanda ake tuhuma zai so ya ji labarin takardar da ya cike da ƙarya.

Bayan duk wannan sai gwajin ɗauka na intanet: tambayoyin yanke shawara a yanayi, hira ta bidiyo, rubutu, da gabatar da bayani. Mai digirin aikin yana zama a layi ɗaya da direban babbar mota, kuma ba a ƙara masa maki don takardarsa. Sai gurbi. Tsakanin 2019 da Maris 2023 gwamnatin Birtaniya ta ƙara 'yan sanda 20,000, ƙofa ta buɗe wangam. Wanda ya shiga aji a tsakiyar wannan yalwar ya fito bayan ta wuce.

Shiga aiki da karatu a ciki

Hanyar koyon aiki da albashi shekara uku ce. Ana iya nema tun mutum yana da shekara 17, a ɗauke shi in ya cika 18. Daga ranar farko shi ɗan sanda ne mai rantsuwa, runduna ce ke biyan jami'a, a ƙarshe ya fito da digiri. Duk shingayen da aka lissafa a sama ya tsallake su kafin ya zauna a aji, don haka ba ya sayen kifi a ruwa.

Lissafin kuɗin ba ya buƙatar dogon bayani. Kuɗin jami'a a Ingila ya tsaya a fam 9,250 a shekara daga 2017, ya koma 9,535 a 2025. Shekara uku ta kusa fam 28,000, ban da haya da abinci. Albashin farko na ɗan sanda a 2024 ya kusa fam 30,000 a shekara. Wanda ya zauna a aji ya ci bashin 28,000 ya kuma bar albashin shekara uku, tazarar da ta haura fam 100,000 kafin haraji. Gaskiya ne bashin ɗalibai a can ba irin na banki ba ne: wanda ya fara karatu daga 2023 yana biyan kashi 9 cikin ɗari na abin da ya haura fam 25,000 a albashinsa, wato kusan fam 450 a shekara ga sabon ɗan sanda a kan albashin 2024. Ba ya shaƙe wuya, amma yana iya bin mutum shekara 40. Sannan albashi da fansho da damar zama jarrabawar sajan duk da shekarun aiki ake ƙirga su. Mai koyon aiki ana tabbatar da shi a shekara ta uku. Abokinsa da ya tafi jami'a sai ta biyar. Wanda ya bi hanyar 2024 marar digiri, shekara biyu ce kawai.

To me ya sa ba kowa ke bin ta ba? Saboda taura biyu ba ta taunuwa da daɗi. Mutum yana aikin karɓa-karɓa, safe, yamma, dare, yana riƙe da fayilolin mutanen da aka cuta suna jiran kiransa, kuma yana da rubutun kalma dubu uku da za a miƙa ranar Litinin. A takarda an ware masa lokacin karatu. A aikace, ranar da ofis ya rasa mutane, lokacin nan ne abu na farko da sajan zai ara. Ga kundin shaidar ƙwarewa da dole a cike, ga binciken shekarar ƙarshe. Faɗuwa a karatun tana iya taɓa aikin kansa, tunda kammalawa sharaɗi ne na tabbatarwa. Masu iyali da waɗanda suka daɗe da barin makaranta su suka fi jin jiki, kuma wannan nauyin yana cikin dalilan da suka sa aka dawo da hanyar da ba ta da digiri.

Akwai wani illa da ba a cika faɗa ba. Yaro ɗan shekara 18 da ya sa kaki, duk abin da zai sani game da duniya ta tagar motar sintiri zai gan shi. Abokansa 'yan sanda, hirarsa ta 'yan sanda, mutanen da yake haɗuwa da su suna cikin mafi munin ranarsu. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Shekara uku a cikin mutanen da ke sukar 'yan sanda a fili, ana tilasta maka ka amsa musu da hujja, tana da daraja da ba ta shiga lissafin fam. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ga zuwa jami'a tukuna. Sai dai hujja ce ga jami'a gaba ɗaya, ba ga digirin aikin ɗan sanda kaɗai ba.

Digiri a wani fanni

Shi ya sa hanya ta uku ta fi ƙarfi fiye da yadda ake zato. A Ingila da Wales mai digiri a kowane fanni yana shiga shirin shekara biyu, da albashi, ya fito da difloma ta aikin. Shekara biyar ke nan jimilla, daidai da mai digirin aikin ɗan sanda. Kuɗin jami'a ɗaya ne. Bambancin shi ne abin da ya rage a hannu idan lamari bai tafi daidai ba. Wanda likita ya mayar, ko ya karye a gwiwa a shekara ta huɗu, ko ya gano dare ba nasa ba ne, in aikin akanta ya karanta, gobe yana da wurin zuwa. Mai digirin aikin ɗan sanda ba zai rasa ba gaba ɗaya, akwai gidan yari, sashen sa ido kan waɗanda aka saki, binciken zamba a banki da kamfanin inshora, aikin farar hula a runduna. Amma kasuwarsa ƙarama ce, kuma a kowace hira sai ya amsa tambayar me ya hana shi zama ɗan sanda.

Ita ma runduna abin da ba ta iya koyarwa take nema. Doka da kamu za ta koya wa kowa cikin watanni. Ba za ta iya mayar da mutum mai bin sawun kuɗi a asusu goma ba, ko mai ciro bayanai daga wayar da aka kulle, ko mai jin harshen baƙin da ke unguwa. Akanta, kwamfuta, lissafin ƙididdiga, harsuna, nazarin halayyar ɗan Adam, lauya, aikin jin daɗin jama'a: waɗannan su ne ke sa a tuna da sunan mutum ranar da aka buɗe gurbi a sashen bincike. Rundunoni da dama yanzu suna ɗaukar masu digiri kai tsaye zuwa aikin bincike, sai dai sai sun ci jarrabawar masu bincike ta ƙasa, wadda doka ce zalla kuma tana ka da mutane.

Raunin wannan hanya a watanni shida na farko yake. Mutum ya zo bai san bambancin sata da fashi ba, ana ɗura masa abin da mai digirin aikin ya sha a shekara uku. Yawanci suna kamo su, amma da gumi.

A ƙasashen da muƙami ke bin takarda, digirin kowane fanni ma ya fi tasiri. A Faransa ƙaramin ɗan sanda yana shiga da shaidar sakandare, hafsa da karatun shekara uku na jami'a, kwamishina da na shekara biyar, kowanne da jarrabawar gasa tasa. A Indiya manyan hafsoshi suna fitowa ta jarrabawar ma'aikatan gwamnati ta ƙasa, wadda ke karɓar kowane digiri, sannan a horar da su a Hyderabad. Hukumar FBI ta Amurka tana neman digiri da ƙwarewar aiki, kuma ba ta ɓoye son da take yi wa akantoci da lauyoyi da masana kwamfuta ba. Birtaniya ce ta bambanta: kusan kowa daga ƙasa yake farawa.

Inda tambayar ba ta taso ba

A wasu ƙasashen an riga an raba wa mutum gardama. A Norway hanyar zama ɗan sanda ita ce digirin shekara uku a kwalejin 'yan sanda ta ƙasa, shekara guda a ciki gaba ɗaya a ofishin 'yan sanda ake yin ta. Finland ma digirin shekara uku ne, a Tampere. Abin lura shi ne makarantar ta hukuma ce, kuma gwajin ƙarfi da lafiya da tantancewa ana yin su kafin a ba mutum kujera. Duk da haka a Norway sai an gama a nemi aiki, kuma an yi shekarun da waɗanda suka kammala suka jira gurbi. A Jamus kowace jiha cikin 16 da tsarinta, amma mai bin hanyar digirin shekara uku yana karɓar albashin ɗalibi tun daga watan farko, kuma jihohi irin su Hesse da North Rhine-Westphalia ta wannan matakin suke ɗauka. Digiri ake yi a duka, amma hannun da ke ba da kujerar aji shi ne hannun da ke tantancewa.

Amurka kishiyar haka ce. Hukumomin 'yan sanda kusan 18,000, yawancinsu shaidar sakandare suke nema, horon farko kusan wata biyar. Jihar Minnesota tana cikin 'yan kaɗan da suka sa sharaɗin karatun shekara biyu. A can digirin shari'ar laifuka ba ya maye gurbin makarantar horo, sai dai wasu rundunoni suna ƙara ɗan alawus ko maki a ƙarin girma.

Shin karatun yana gyara aikin?

Muhawarar ta haura shekara ɗari. August Vollmer, shugaban 'yan sandan Berkeley a California, ya fara koyar da aikin a jami'ar garin tun 1916, kuma kwamitin shugaban Amurka na 1967 ya ba da shawarar a kai ga kowane ɗan sanda yana da digiri. Abin da bincike ya fi tsayawa a kai shi ne amfani da ƙarfi. Nazarin Jason Rydberg da William Terrill na 2010 ya samu cewa masu karatun jami'a ba su cika sa ƙarfi ba, amma bai ga bambanci a yawan kamu ko bincike ba. Sai a lura: karatun jami'a aka auna, kowane iri. Wannan bai nuna cewa digirin aikin ɗan sanda ya fi na tarihi fitar da ɗan sanda nagari ba. Kuma mai digiri da aka ajiye shekara biyar yana amsa kiran rigimar maƙwabta, ba mai tambayar ra'ayinsa, yana saurin gajiya da aikin.

Wa ya dace da wacce

Wanda ya tabbata aikin yake so, ya tsallake shingaye, kuma ƙasarsa tana da hanyar da za a biya shi ya koya, babu dalilin da zai sa ya biya kuɗi ya sayi abin da ake bayarwa da albashi. Idan karatu na ba shi wahala ko yana da iyali, hanyar da ba ta da digiri ba abin kunya ba ce, ana iya yin digiri daga baya lokacin da aka san fannin da ake buƙata. Wanda yake da shakka ko kaɗan, ko yake hangen sashen bincike da manyan muƙamai, ya karanta wani fanni mai kasuwa.

Digirin aikin ɗan sanda na biya da kai yana da mutanensa, amma ba su da yawa: wanda ya nema aka ce ya dawo in ya ƙara hankali, wanda ke jiran cikar shekarun zama a ƙasa, wanda ya san ba zai iya haɗa aikin dare da rubutu ba. Shi ma da sharaɗi, ya haɗa da aikin sa kai. A Ingila da Wales ɗan sandan sa kai yana da rantsuwa da cikakken ikon kamu, galibi awa 16 a wata ake nema. Wannan yana yin aiki biyu: ana tantance mutum tun shekarar farko, ya san matsayinsa kafin bashi ya taru, kuma ranar hira yana da abin faɗa wanda ya gani da idonsa.

Kafin a sa hannu, a kira ofishin ɗaukar ma'aikata na rundunar da ake so, ba ofishin tallar jami'a ba, a tambaye su ko suna ɗauka ta wannan hanya bana, domin ba kowace runduna ke buɗe kowace ƙofa kowace shekara ba, da kuma ko suna neman lasisin tuƙi. Ita jami'a a tambaye ta ko kwas ɗin yana da lasisi, ko tana da yarjejeniya a rubuce da runduna kan aikin sa kai, su waye malaman kuma yaushe suka bar aiki. Sannan a nemi adadi biyu: mutum nawa suka fara ajin da ya fita bara, kuma nawa ne a cikinsu suke sanye da kaki yau. Idan aka amsa da kason waɗanda suka sami aiki, a sake tambaya wane aiki, tunda mai tsaron kanti ma ana ƙirga shi a cikin masu aiki.